Tsohon tari da ƙarancin bitamin D wajen maza

Yau shafinmu na lafiya da noma zai yi magana bisa wani ciwo da ke kwance cikin garuruwanmu, wanda muka saba da shi har mun daina ɗaukar shi ciwo. Shi ne tsohon tari da sarƙewar numfashi da ke kama maza in sun haura shekara 40. Magidancin da a da yake wuni yana noma, sai a ga bai kai ƙarshen kunya ba ya jingina da hauya yana haki. Mutane su ce tsufa ne, ko kuwa sanyi ne ya kama shi. Sannu a hankali ya bar gona, ya bar kasuwa, ya koma ɗaki. Ranar da maigida ya ajiye hauya kuwa, rumbu ne ke fara sani.

A cikin shekarun nan likitoci sun lura da wani abu. Da yawa daga cikin masu wannan ciwo, in an auna jininsu, sai a tarar ba su da isasshen bitamin D. Za mu bayyana ma'anar wannan, da abin da ya kamata a yi, da abin da bai kamata a ɓata kuɗi a kansa ba.

Wane irin ciwo ne?

Huhu kamar icce yake da aka juya kansa ƙasa. Maƙogwaro shi ne gindi. Daga nan ya rabu rassa biyu, rassan su yi ta rabuwa har su zama sirara kamar zare. A ƙarshensu akwai ƙananan jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi. A cikinsu ne iska mai kyau ke shiga jini, gurɓatacciya ta fito.

In mutum ya yi shekaru yana shaƙar hayaƙi ko ƙura, rassan nan suna kumbura, su ƙuntata, su cika da majina. Jakunkunan kuma su yage. Iska ta shiga, amma fitarta ta yi wuya. Wannan shi ne ciwon toshewar huhu mai daɗewa. Malaman asibiti suna rubuta sunansa da haruffa huɗu na Faransanci: BPCO. Alamunsa uku ne: tarin da ba ya ƙarewa, majina kowace safiya, da haki in an yi ɗan aiki. Lokaci lokaci ciwon yakan tashi, numfashi ya ƙara sarƙewa, majina ta ƙaru ta sake launi, har a kwantar da mutum. Kowane tashi yana rage masa ƙarfi.

Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a shekarar 2021 wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3 da rabi, kuma shi ne na huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. Cikin waɗanda ya kashe kafin su kai shekara 70, kusan 9 cikin 10 mutanen ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne da masu matsakaicin ƙarfi.

Kada mu haɗa shi da tarin fuka, wato tibi. Tibi ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukar shi, kuma yana warkewa da maganin wata 6. Toshewar huhu ba a ɗaukar ta. Inda ya lalace ba ya komawa sabo, amma ana iya tsai da ɓarnar, mutum ya samu sauƙi ya ci gaba da harkokinsa.

Me ke kawo shi?

Na farko taba sigari, da ƙanwarta shisha da samari suka runguma. A ƙasashen masu arziki taba ce ke kawo fiye da kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo. A ƙasashe irin tamu rabonta kashi 30 zuwa 40 ne, domin akwai wasu abubuwan da ke taya ta ɓarna. A Nijar maza sun fi mata shan taba nesa ba kusa ba, shi ya sa muka fuskanci maza da wannan magana.

Na biyu hayaƙin icce da kara da gawayi da kashin shanu. Mata sun fi kowa shan shi a madafa, wannan gaskiya ne. Amma mai shayi, da mai gasa nama, da maƙeri, da mai toya burodi, da mai ƙona gawayi, su ma cikinsa suke wuni. Haka wanda ke hura wuta cikin ɗaki da dare lokacin ɗari, ya rufe ƙofa.

Na uku ƙurar aiki: ƙurar sussuka da casa, ƙurar injin niƙa, ƙurar siminti, da ƙurar dutse. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, samari da yawa daga kudu sun tafi haƙa, kamar yadda wasu suka riga su zuwa Komabangu. Ƙurar dutsen da ake fasawa ana niƙawa tana tafiya can ƙarshen huhu ta zauna, ba ta fita. Tana taurara huhu, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Mutum yana iya dawowa gida lafiya lau, ciwon ya bayyana bayan shekaru.

Ga kuma ƙurar hunturu, wadda mai yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, iska ta kwaso ta zuwa Damagaram da Maraɗi da Tawa. Ga mai tsohon tari, ranakun hazo ranakun wahala ne. Wanda ya taɓa yin tarin fuka shi ma yakan rage da tabo a huhu, ko bayan ya warke.

Mene ne bitamin D?

Mun san bitamin A, wanda ake ɗiga wa yara a baki ranakun riga-kafi. Bitamin D wani ne dabam. Abin mamakinsa shi ne jikinmu ne ke yin mafi yawansa. In hasken rana ya taɓa fata, fata ta haɗa shi. Jini ya kai shi hanta, hanta ta gyara shi. Daga nan ƙoda ta ƙarasa gyaran, ya fara aiki.

Babban aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotso kalsiyum daga abinci. Kalsiyum shi ne sinadarin da ke gina ƙashi, kamar yadda laka ke gina katanga. In babu bitamin D, ko an sha nono, kalsiyum kaɗan ne zai shiga jiki. Yaro ƙafafunsa su lanƙwashe. Babba ƙasusuwansa su yi laushi, ya dinga jin ciwon baya da kwankwaso, cinyoyinsa su mutu, tashi daga tabarma ya zama aiki. Bitamin D yana kuma taya sojojin jiki yaƙi da ƙwayoyin cuta, har cikin hanyoyin numfashi.

Abinci mai ɗauke da shi ba shi da yawa: kifi mai maiƙo, irin sardin na gwangwani, da gwaiduwar ƙwai, da hanta. Hatsi da dawa da wake da ganye, duk da amfaninsu, babu bitamin D cikinsu. Ke nan mai cin tuwo da fura kullum, da rana ya dogara.

Ta yaya za a rasa rana a ƙasar rana?

Tambaya ce mai kyau. A 2020 masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka, suka tarar kusan mutum 1 cikin 3 bitamin D ɗinsa bai kai yadda ake so ba. Mutanen birni sun fi na ƙauye ƙarancinsa.

Dalili shi ne ba zafin rana ke yin aikin ba, haskenta ne bisa fata tsirara. Tufa tana tare shi. Gilashin taga yana tare shi. Hazo mai kauri yana rage shi. Baƙar fata, da yake Allah ya yi ta da kariya, tana bukatar lokaci fiye da farar fata kafin ta haɗa daidai gwargwado. Fatar tsoho kuma ba ta haɗa shi kamar ta saurayi.

Manomi mai lafiya da ke wuni a gona ba shi da wannan damuwa. Amma ku dubi mai gadi da ke kwana a farke ya wuni yana barci, da mai shago da ba ya fita sai magariba, da mai haƙa da ke wuni cikin rami, da dattijon da ke cikin babbar riga da rawani daga zaure sai masallaci. Fiye da su duka, ku dubi mai tsohon tari. Haki ya hana shi tafiya. Iyali suna tsoron iska, sun lulluɓe shi da bargo a ƙuryar ɗaki. Ba ya cin abincin kirki. Ciwon ya raba shi da rana. Rashin rana da rashin motsi sun raunana ƙashi da tsoka. Raunin ya ƙara zaunar da shi. Haka abin ke zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Abin da masu bincike suka gano

A birnin Luben na ƙasar Beljiyam, likitoci sun auna jinin mutum 414 da suka haura shekara 50, masu shan taba da waɗanda suka daina. Sun bayyana sakamakon a 2010. Cikin waɗanda huhunsu ke lafiya, 31 cikin 100 ne ke da ƙarancin bitamin D. Cikin masu ciwo mai tsanani, 60 cikin 100. Cikin waɗanda ciwon ya kai matuƙa, 77 cikin 100. Wato gwargwadon tsananin ciwo, gwargwadon ƙarancin.

A birnin Boston na Amurka kuma an bi maza 626 daga 1984 zuwa 2003, ana auna jininsu da ƙarfin numfashinsu. Sakamakon ya fito a 2012. Cikin masu shan taba, waɗanda ke da ƙarancin bitamin D huhunsu ya fi rauni, kuma ya fi saurin lalacewa. Mu lura da kyau: wajen masu shan taba ne wannan bambanci ya fito. Taba ce ke sara, ƙarancin bitamin D ya zo tare da ita.

To, ƙwayar bitamin D tana warkar da huhu?

Ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Inda aka ga balbela an ga shanu, amma ba balbela ke kiwon su ba. Saboda haka masana suka gwada. Suka raba marasa lafiya kashi biyu, aka ba wasu bitamin D, aka ba wasu ƙwayar da babu komi cikinta.

A Luben, a 2012, an gwada da mutum 182 har shekara guda. In an duba su gaba ɗaya, tashin ciwon bai ragu ba. Sai wajen mutum 30 da ƙarancinsu ya yi tsanani ƙwarai, su aka ga sauƙi. A Landan, a 2015, gwajin mutum 240 ya nuna kusan haka. Amma a 2022 aka sake gwaji a ƙasar Holand da mutum 155, dukansu masu ƙarancin bitamin D, tashin ciwon bai ragu ba. A 2024 masana suka haɗa gwaje-gwaje 10 suka duba, suka ce bambancin kaɗan ne ko babu.

Haka yake wajen tarin fuka. A Gine Bisau, nan Afirka ta yamma, an ƙara wa masu tibi bitamin D bisa maganinsu, a gwajin mutum 365 da aka bayyana a 2009. Bai ƙara musu saurin warkewa ba, bai rage mutuwa ba.

Ga darasin a taƙaice. Ƙwayar bitamin D ba ta ɗinke huhun da hayaƙi ya yaga. Ba ta wanke ƙurar dutse. Ba ta maye gurbin maganin tibi. Amma wanda ke da ƙarancinsa na gaske yana bukatar a cike masa, domin ƙashinsa da tsokarsa. Mai toshewar huhu ƙasusuwansa sun fi saurin lalacewa, kuma karayar haƙarƙari ko ta ƙashin baya ga mai haki babbar masifa ce.

Hattara da maganin tebur

A kasuwa da tasha akwai masu tallar ƙwayoyi masu launi, suna cewa maganin ƙarfi ne. Kada mu saya. Bitamin D ba ya fita da fitsari da sauri kamar wasu bitamin, taruwa yake cikin jiki. In ya yi yawa, kalsiyum ya cika jini, ya kawo amai da ƙishirwa da yawan fitsari, har ya yi tsakuwa a ƙoda ko ya ɓata ta. Likita kaɗai ke faɗin wanda zai sha, da yawan da zai sha.

Akwai wata ƙwaya da ta fi wannan haɗari, ita ce deksametazon da ƴan uwanta. Mai haki in ya sha yakan ji sauƙi nan da nan, sai ya mai da ita abincin kullum. Likita yakan ba da irinta na ƴan kwanaki in ciwo ya tashi. Amma shan ta wata da watanni yana cinye ƙashi, yana tada ciwon suga da hawan jini, yana kashe ƙarfin jiki wajen yaƙi da cuta, har tibi da ke ɓoye ya fito. Wanda ya daɗe yana shan ta kada ya yanke rana ɗaya. Ya kai kwalinta asibiti, a nuna masa yadda zai rage ta sannu sannu.

Abin da ya kamata mu yi

1. Tarin da ya wuce sati 2, a je asibiti a auna majina. Maganin tibi kyauta ne a ƙasarmu. In an ga jini cikin majina, ko rama, ko zufar dare, kada a jira ko kwana ɗaya. In ba tibi ba ne kuma tari da haki suka ci gaba, a koma. A manyan asibitoci akwai na'urar da mutum ke hurawa ta auna ƙarfin numfashi, ita ke tabbatar da toshewar huhu.

2. A bar taba. Babu maganin da ya kai wannan. Ko mutum ya shekara 30 yana sha, ranar da ya daina, saurin ɓarnar ya fara raguwa. Tun 2006 ƙasarmu take da dokar yaƙi da taba, amma doka ba ta shiga aljihun mutum ta cire kwali. Wannan aikin mai shi ne, da taimakon iyali da abokan fada.

3. A rage hayaƙi. A yi girki a fili ko a madafa mai taga. A yi amfani da busasshen icce da murhu mai tattalin icce. Kada a kwana da wuta ko garwashi cikin rufaffen ɗaki. Gidan sauro ya fi maganin sauro mai hayaƙi. Kara da ciyawar gona a bar su su zama taki, ya fi a banka musu wuta: huhu ya huta, ƙasa ta ƙaru.

4. A rage ƙura. Wajen sussuka da shiƙa a tsaya ta inda iska ke fitowa. Mai fasa dutse da mai niƙa shi su jiƙa shi da ruwa. Rawani da ƙyalle suna tare ƙura mai kauri, amma mai laushi tana ratsa su. Ita sai abin rufe hanci na musamman da aka yi don wannan aiki.

5. A fito rana. Mara lafiya ya fito tsakar gida da hantsi, in rana ta ɗaga, ya naɗe hannun riga da ƙafar wando, haske ya taɓa damatsa da ƙwauri kamar rabin awa. Hasken sassafe da na gab da magariba ba su da ƙarfin yin wannan aiki. Lokacin bazara a taƙaita, a sha ruwa, a koma inuwa kafin zafi ya tsananta. Ranar hazo mai kauri a zauna ciki, a jira gari ya washe.

6. A yi tafiya. Haki ba dalilin kwanciya ba ne. Yau zuwa ƙofar gida, gobe zuwa masallaci, wani sati zuwa bakin rijiya. In numfashi ya sarƙe, a tsaya, a shaƙa ta hanci, a fitar ta baki sannu sannu da leɓɓa a tsuke, kamar mai hura kunu. Tsokar da ke aiki ba ta cin iska da yawa kamar wadda ta kwanta.

7. A gyara abinci. Da damina ƙwan zabi yana yawa, kada a kai shi kasuwa duka, a rage wa mara lafiya. Ranar kasuwa a samo kifi ko ƴar hanta. Don kalsiyum kuwa ga nono, ga miyar kuka, ga zogale, ga ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Mai haki ba ya iya cika ciki, sai a ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa.

8. A riƙe maganin likita. Maganin feshi da ake shaƙa, irin su Ventoline, yana buɗe hanyoyin numfashi. A roƙi malamin asibiti ya nuna yadda ake shaƙar shi, domin in ba a iya ba, a baki yake tsayawa. In mutum ya kasa gama magana don haki, ko leɓɓansa da faratansa suka sake launi, ko ƙafafu suka kumbura, ko ya ruɗe, a nemi amalanke ko mota nan take.

9. Wanda ya daɗe a kwance cikin ɗaki, ko yake jin ciwon ƙashi da mutuwar cinyoyi, ya faɗa wa likita, ya tambaye shi maganar bitamin D.

Kira ga iyali

Uwargida, ke ce kusa da shi. Ki shimfiɗa masa tabarma inda hantsi ke sauka, nesa da murhu. Ƴaƴa, ku kama hannun baba ku taka da shi. Samari masu shirin tafiya haƙar zinariya, ku tuna kuɗi suna ƙarewa, ƙura ba ta fita. Ku kuma da kuka koyi karatu, ku karanta wa maƙwabta wannan shafi a fada da bakin masallaci, domin mai tsohon tari sau da yawa ba ya cikin masu zuwa aji.

Rana kyauta ce, tafiya kyauta ce, barin taba ma riba ce ga aljihu. Abin da ya rage shi ne kuɗin zuwa asibiti, kuma gara a kashe su yau da ƙafafunmu da a sayar da akuya gobe a ɗauke mu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rani ne lokacin neman magani, don damina ta same mu a tsaye da hauya a hannu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka. Amin.